CIWON GWIWA GA MAI FARA GUDUN SASSARFA: DAGA INA YAKE, KUMA YAYA AKE LALLAƁA SHI?

 

 

Na so yau mu ci gaba da maganar shawara da muka faro, sai ga mutum biyu sun kawo mini kuka iri ɗaya a mako ɗaya, na ce to bari mu ajiye waccan tukuna. Na farko saurayi ne daga ɓangaren Ƙiru, bai wuce shekara 22 ba. Ya ji ana shirin ɗaukar soja, sai ya ɗaura ɗamara, kullum bayan sallar asuba ya kama kwalta daga garinsu har Kwanar Ɗangora da gudu, ya juyo da gudu, da takalmin roba. Kwana tara ya yi a jere bai huta ba. Ran na goma ya zo mini yana ɗingishi, wai Malam a ba shi man da zai shafa yau gobe ya koma. Na biyu dattijo ne sa'ana, tsohon malamin makaranta daga Tudun Wada, mai ciwon suga, ga tumbi masha Allah. Likita ya ce masa ya riƙa motsa jiki. Shi kuma bawan Allah sai ya shiga cikin samari 'yan ƙwallo yana zagaye fili da su. Kwana uku, zaman tahiya ya gagare shi.

Dukansu magani suka zo nema. Na ce musu akwai abin shafawa akwai abin sha, kuma zan faɗa a nan insha Allahu, amma duk wanda ya ba ku mai bai gaya muku abin da ya ɓata gwiwar ba, kuɗinku kawai ya karɓa.

Kafin mu shiga, bari in cire wa wasu shakka, don akwai masu ganin dattijo da gemu yana sassarfa zubar da girma ne. Ya zo a ruwayar Abu Dawud cewa Manzon Allah (SAW) ya yi tsere da Nana A'isha (RA) ta wuce shi, bayan wani lokaci da jikinta ya yi nauyi suka sake, shi ya wuce ta. Ku lura da wannan fa: nauyin jiki yana canza gudun mutum, kuma za mu dawo kansa. Alhazai kuma sun san sassarfar zagaye uku na farko a ɗawafin isowa ga maza, da ta tsakanin korayen fitilu a Safa da Marwa. Saboda haka gudu ba wasan yara ba ne kawai. Matsalar tana ga yadda muke fara shi.

*ME YA SA GWIWAR TAKE KUKA?*

Mutanenmu za su ce, mu da muke noma, muke yini a tsaye a gonar shinkafa da masara, yaya ɗan gudun minti ashirin zai kayar da mu? Amsar ita ce tafiya daban, gudu daban. Idan kana tafiya, koyaushe ƙafa ɗaya tana ƙasa. Idan kana gudu, akwai lokacin da ƙafafun biyu duk suna sama, sannan ka dira a kan guda ɗaya. Wannan dirar tana saukar wa ƙafar da nauyin da ya kai ninki biyu zuwa uku na jikinka. Mutum mai kilo 80, kowane taku kamar ya saukar da kilo 160 ne ko fiye a kan ƙafa guda. A gudun minti ashirin kuwa za a yi taku dubu uku ko kusa da haka. To lissafa.

Sannan mu faɗa wa kanmu gaskiya, ƙafar yanzu ba ƙafar iyayenmu ba ce. Na taso na ga mutane suna fita da duhun asuba su ci kasuwa mai nisa a ƙasa su dawo da kaya a ka. Yanzu tun da babur ya cika gari, ko masallacin unguwa wani sai ya tayar da mashin. Naman cinya ya saki, mai shi bai sani ba.

Ga kuma abin da ya fi yaudarar mai farawa. Zuciya da huhu suna sabawa da wuri. Mako biyu zuwa uku za ka ji numfashinka ya daidaita, hakin ya ragu, sai ka ce ai na iya, bari in ƙara nisa. Amma jijiyoyin gwiwa da guringuntsi da ƙashi ba sa samun jini kamar yadda tsoka take samu, sabawarsu a hankali take, watanni take ɗauka. Ƙirji ya ce mu je, gwiwa ta ce ban shirya ba. A wannan tazarar ake samun mafi yawan ciwon nan. Ka ga ke nan ba sanyi ba ne ya kama ka, ba kuma jifa aka yi maka ba. Kaya ka ɗora wa jaki fiye da ƙarfinsa.

Ciwon da ya fi yawa shi ne na gaban gwiwa, kewayen ƙoƙon gwiwa ko ƙarƙashinsa. Duk wanda ya taɓa jan ruwa a tsohuwar rijiya ya san yadda igiyar guga take cin itacen bakin rijiya ta yi wa kanta hanya. To ƙoƙon gwiwa haka yake, yana da 'yar hanyarsa a ƙarshen ƙashin cinya, yana zamewa sama da ƙasa duk sa'ad da ka lanƙwasa ƙafa. Masu riƙe shi a kan hanyar su ne naman cinya da naman ƙugu da ɗuwawu. Idan waɗannan sun yi rauni ko sun gaji, sai gwiwa ta riƙa karkata ciki in an dira, ƙoƙon ya riƙa matsa gefe guda, wurin ya fusata. Alamarsa: ciwo wajen saukowa daga tudu ko matakala, wajen tsugunno a bayan gida ko wajen alwala, da kuma in ka daɗe a zaune ƙafa a naɗe, irin zaman mota daga Doguwa zuwa Kano, ka sauko kamar an ɗaure maka ƙafa.

Akwai wanda nasa a gefen waje yake, yana farawa bayan an ɗan yi nisa da gudu, ya fi tsanani a gangara, in an tsaya ya lafa. Wannan wata doguwar jijiya ce mai faɗi da ta sauko daga ƙugu ta gefen cinya. Akwai wanda nasa daidai ƙasan ƙoƙon yake, a kan jijiyar da ta haɗa shi da ƙwauri, in ka danna da yatsa ɗaya za ka same shi. Yara masu tasowa kuma, 'yan shekara 10 zuwa 15, sukan sami wani ƙullutu mai zafi a saman ƙwauri. Iyaye kada ku tsorata ku kai a tsaga, mafi yawa yana lafawa da rage wasa da kuma cikar girma.

Wani zai ce to ai gara in bar gudun, tunda yana cinye gwiwa. Wannan magana ta yaɗu, amma ba haka abin yake ba. A shekarar 2017 wasu likitoci sun tattara bincike masu yawa a kan amosanin gwiwa da ƙugu, suka samu a cikin masu gudu na motsa jiki kawai kusan kashi 3.5 cikin 100 ne suke da shi, a cikin masu zaman dirshan kusan kashi 10, a cikin 'yan tseren gasa masu gudun wuce kima kusan kashi 13. Ka ga tsakatsaki shi ya fi tsira. Guringuntsi ba shi da hanyoyin jini, daga ruwan gaɓa yake ci, kuma motsi ne yake matsa ruwan ya shiga ya fita kamar soso. Gwiwar da aka ajiye ita ma lalacewa take.

*MA'AUNIN ASUBA*

Yaya za ka gane ciwon da za a ci gaba da shi daga wanda za a tsaya? Ni ma'aunin da nake ba mutane mai sauƙi ne, kuma kowa yana da shi a gida, ita ce sallar asuba ta washegari. Ka yi sassarfarka yau. Gobe da asuba ka lura da gwiwarka wajen sauka sujada da tasowa da zaman tahiya. Idan yadda take jiya haka take yau, ko ɗan tsamin jiki ne da ya saki kafin ka dawo daga masallaci, to kayan da ka ɗora mata daidai ne. Idan ta fi jiya ciwo, sai ka dafa bango za ka miƙe, to ka zarce, ka koma baya. Jiki magayi.

A lokacin gudun kuma, in ka auna ciwon daga 1 zuwa 10, wanda bai wuce 3 ba kuma ba ya ƙaruwa, babu laifi. Amma da zarar ka fara ɗingishi, ko ka ji suka kamar allura, tsaya nan take ka taka a hankali zuwa gida. Gudu da ɗingishi yana kai ciwon ga ɗaya ƙafar da ƙugu da baya, ka fita da ciwo ɗaya ka dawo da uku.

In ciwon ya riga ya kama, ka ajiye gudu kwana uku zuwa bakwai, amma kada ka kwanta. Ka yi tafiya a shimfiɗaɗɗen wuri gwargwadon da ba ta tayar da ciwon. Mai keke ya hau kekensa, sai dai ya ɗaga sirdin sama yadda ƙafa za ta kusa miƙewa in feda ta sauka ƙasa, don sirdi gajere yana ƙara matsa ƙoƙon. Ka rage dogon tsugunno, ka yi alwala a kan 'yar kujera. Idan zaman salla ya yi maka tsanani, shari'a ta yi sauƙi, hadisin Imrana ɗan Husaini (RA) a Bukhari ya nuna wanda bai iya tsayuwa ba ya yi a zaune, malamai kuma sun yi bayanin wanda ya iya wani rukuni ya kasa wani. Ka yi abin da ka iya na 'yan kwanakin, kada ka danne gwiwa mai ciwo da ƙarfin tsiya.

A kwana biyun farko, musamman in akwai ɗan kumburi ko wurin ya yi ɗumi, sanyi ake sawa ba zafi ba. Nan ne mutanenmu suke kuskure, kowa sai ya ce a gasa da ruwan zafi. Ka sami ƙanƙara ko ledar ruwa mai sanyi sosai wajen masu shago, ka naɗe a tsumma, ka ɗora minti 15, sau biyu ko uku a rana. Kada ƙanƙara ta taɓa fata kai tsaye. Inda babu wuta, tsumma da ruwan randa ma ya fi babu. Gashi da ruwan ɗumi sai bayan kwana biyu ko uku, in kumburi ya sauka ya rage sagewa.

*ABIN SHAFAWA DA ABIN SHA*

Yauwa, ga inda kuke jira. A sami man kaɗanya mai kyau wanda ba a gauraya ba cokali uku babba, man zaitun cokali ɗaya, man habbatussauda cokali ɗaya. A narkar da man kaɗanyar ta hanyar saka kwanonsa cikin ruwan zafi, ba a kan wuta ba, sannan a zuba sauran a juya a bar shi ya kama jikinsa. A shafa da dare bayan isha'i. Amma ku ji yadda ake shafawar, don nan ne amfanin yake: ba ƙoƙon gwiwar ake murzawa ba. Naman cinya ake bi, gaba da gefe da baya, daga saman gwiwa zuwa sama, da sha-raɓa, a hankali kamar minti goma, ita gwiwar a shafa mata sama-sama. Mai saurin ƙaiƙayi ya fara gwada kaɗan a hannu, don man habbatussauda yana yi wa wasu fata ƙuraje. Kada a shafa a kan rauni.

Na sha kuma: citta ɗanya kamar girman babban yatsa, a daddaka, kurkur rabin ƙaramin cokali, masoro ɗan kaɗan a bakin yatsu, a tafasa a kofi biyu na ruwa minti goma, a tace. A sha kofi ɗaya da safe bayan an ci abinci, ɗaya da yamma, tsawon mako biyu. Mai son zuma ya sa in ya huce, mai suga ya sha haka nan. Mai juna biyu, da mai olsa da ta tashi, da mai tsakuwar matsarmama, da mai shan maganin tsinka jini, su bar wannan haɗin sai sun tambayi likitansu.

Zan faɗa muku gaskiya ko da za ta rage mini kasuwa. Likitocin zamani sun gwada citta da kurkur a kan masu amosanin gwiwa, sun ga suna rage zafi, amma kaɗan kaɗan, ba kamar yankan wuƙa ba. Ni ma abin da na gani ke nan a shekarun da na yi ina wannan aiki. Suna kwantar da ciwo ka sami damar gyara abin da ya jawo shi, ba sa ƙarfafa cinya, ba sa rage tumbi. Wasu sun tambaye ni a kan hano, wato ararraɓi, wanda yake da yawa a duwatsun Doguwa da wajen Riruwai. Danginsa ɗaya da bishiyar lubban, kuma mutanenmu sun daɗe suna dafa sassaƙensa don ciwon gaɓɓai. Amma saurayin da gudun kwana tara ya gajiyar da gwiwarsa ba ya buƙatarsa. Masu sassaƙa kuma ku ji tsoron Allah, ku daina kwaɗe bishiya zagaye guda, kashe ta kuke yi, ku ɗiba ta gefe ɗaya ku bar mata rai.

Abubuwan da nake hanawa: ɗaura dakakkiyar tafarnuwa a gwiwa a kwana da ita, wallahi na ga fatar da ta sale kamar an zuba tafasasshen ruwa. Tsaga da reza a zuba gari, wannan ƙofa ce ake buɗe wa ƙwayar cuta kusa da gaɓa. Ƙaho yana da asali kuma yana da wurinsa, amma ba a kan gwiwar da ta kumbura tana zafi ba, ba kuma ga mai suga da ciwonsa ba ya warkewa da wuri ba.

Sai babbar musiba, haɗin kemis. Saurayi ya je ya ce gwiwa, a ƙulla masa ƙwaya biyar a leda babu suna, ya watsa, ya ji garau, ya koma gudu. Ciwon nan ɗan aike ne, an rufe masa baki, ɓarnar tana ci gaba. Diklofenak da ibufurofen in an daɗe ana sha suna huda ciki, suna taɓa ƙoda, suna tayar da hawan jini, balle a sha su ciki babu komai a fita gudu a yi gumi. Deksametazon da ake cusawa a haɗin yana tayar da suga, yana raunana ƙashi. Tramol kuwa ba sai na faɗa ba, mun ga yadda ya mayar da samari a garuruwanmu. Idan ciwo ya hana barci, farasitamol bisa ƙa'ida na kwana biyu ko uku ya wadatar, amma kada a sha magani don a sami damar gudu.

*AINIHIN MAGANIN*

Ƙarfafa cinya da ƙugu shi ne maganin da ya fi kowanne tabbata a kan wannan ciwo, kuma kyauta ne, tabarma kawai yake buƙata. Ka kwanta rigingine, ƙafa ɗaya a lanƙwashe tafinta a ƙasa, ɗayar a miƙe. Ka ɗaure naman cinyar miƙaƙƙiyar, ka ɗaga ta daidai tsayin ɗaya gwiwar, ka ƙirga biyar, ka sauke a hankali. Sau goma, ka canza ƙafa. Sannan ka juya ka kwanta a gefe, ka ɗaga ƙafar sama a miƙe, ɗan baya kaɗan, kada ƙugu ya mirgina. Wannan za ka ji shi a gefen ɗuwawu, kuma shi ne yake hana gwiwa karkata ciki. Sannan ka koma rigingine, ƙafafu biyu a lanƙwashe, ka ɗaga ƙugu sama har ya yi layi ɗaya da cinya da ƙirji, ka ƙirga biyar, ka sauke. Na ƙarshe, ka zauna a benci ka miƙe ba tare da dafa komai ba, ka koma ka zauna a hankali ba faɗawa ba, gwiwa tana kallon inda yatsun ƙafa suke kallo. Kowanne goma-goma, zagaye biyu, daga baya uku, kwana uku a mako. In ka yi ƙarfi sai ka ƙara da hawa da sauka a ɗan gajeren dakalin ƙofar gida.

Kada ka sa ran gani a kwana uku. Mako shida zuwa goma sha biyu ake ba shi. Mafi yawan mutane a mako na biyu suke watsarwa su ce bai yi ba.

Iyayenmu mata da 'yan uwa mata, wannan duk a ɗaki ake yinsa, kuma ciwon gaban gwiwar nan ya fi yawa a cikinku. Wadda ba ta da wurin fita, zagayen tsakar gida da sauri na minti ashirin zuwa talatin aiki ne babba. Mai jego kada ta yi gaggawar sassarfa, ta fara da tafiya har jikinta ya koma.

Idan ka iya tafiya da sauri ta minti talatin babu ciwo, asuba ma ta ba da shaida, sai a koma gudu, amma da tsari. Hukumar lafiya ta Ingila tana da wani tsari na mako tara ga wanda bai taɓa gudu ba, kwana uku a mako, da hutun kwana ɗaya a tsakani. Makon farko: tafiya minti biyar don jiki ya ɗumama, sannan sassarfa sakan 60, tafiya sakan 90, a yi ta maimaitawa har minti ashirin. A hankali ake ƙara gudun ana rage tafiyar, sai a mako na tara mutum yake haɗa minti talatin bai tsaya ba. Ku duba fa, mako tara, su da suke da takalma da filaye. Agogon wayarka ya ishe ka. Makon da ya yi maka nauyi ka maimaita shi, babu mai kama ka. Kada kuma ka ƙara nisa da sauri a mako ɗaya, ɗaya ake ƙarawa a bar ɗaya.

Wannan ba baƙon abu ba ne a wurin malamanmu. Ibnul Ƙayyim, wanda ya rasu a 751 Hijira, ya yi magana a kan motsa jiki a Zadul Ma'ad, ya nuna lokacinsa shi ne bayan abinci ya narke, matsakaicinsa kuma shi ne wanda fata ta yi ja jiki ya yi laima, wanda gumi yake kwarara kuwa an wuce iyaka. To mu da Allah ya yi mu baƙaƙe ba za mu ga jan ba, sai mu auna da magana: in kana sassarfa kana iya gaisawa da abokin tafiyarka ka tambaye shi iyali, daidai kake. In sai haki, rage.

Takunka ya zama gajere, mai yawa, marar ƙara. Mai farawa yakan wurga ƙafa can gaba ya dira da dunduniya ƙafa a sandare, duk dukan ya tafi gwiwa. Ka sauke ƙafa kusa da ƙarƙashin jikinka. In mutumin da yake gabanka yana jin dirarka dim dim, taka a hankali.

Wuri ma yana da magana. Gefen kwalta a karkace yake don ruwa ya gangara, in kullum gefe ɗaya kake bi, ƙafa ɗaya tana ƙasa da ɗaya. Ga tireloli a hanyar Kano zuwa Zariya da duhun asuba, ga ƙurar hunturu direba ba ya ganinka. Filin makaranta, filin idi, ko hanyar burji mai laushi wadda babu ramuka sun fi. In fili kake zagayawa, yau ta dama gobe ta hagu. Mutanen Riruwai da Doguwa da masu zuwa wajen madatsar Tiga, ku kiyayi gangara, hawa yana gajiyar da ƙirji amma sauka ita take cin gwiwa. Watannin farko ku sauko da tafiya. Da sanyin hunturu kuma a ƙara tafiyar ɗumama jiki ta kai minti goma. Takalmi ba sai mai tsada ba, kambas na gwanjo ya yi, in dai ƙasansa yana da taushi, bai cinye ta gefe ɗaya ba, kuma akwai sararin yatsa guda a gaba. Silifas da takalmin roba a bar su a ƙofar masallaci.

Mu koma kan nauyi. Bincike a kan masu ƙiba da ciwon gwiwa ya nuna duk kilo ɗaya da mutum ya sauke, gwiwa tana samun sauƙin kusan kilo huɗu a kowane taku. Shi ya sa abokina na Tudun Wada na ce masa ya bar samari da filinsu. Hukumar Lafiya ta Duniya minti 150 a mako take nema na matsakaicin motsa jiki, kuma tafiya da sauri tana ciki, wato minti talatin kwana biyar. Ya yi wata biyu ko uku a kan haka, ya rage malmalar tuwon shinkafar dare da lemon kwalba, ya ƙara zogale da wake da kifin Tiga da nono, sannan mu ga ko gwiwa za ta karɓi sassarfa. Mai suga kuma ya duba tafin ƙafarsa duk dawowa, kada ya fita da yunwa bayan ya sha magani, ya riƙe dabino biyu ko uku a aljihu saboda jiri. Wanda ya haura 40 yana da hawan jini ko ya taɓa jin ciwon ƙirji, likita ya duba shi kafin ya fara gudu.

Shi kuma ɗana mai son soja na ce masa ba a fafe gora ranar tafiya. Sojojin da kuke gani a sansanin dajin Falgore da Defot na Zariya watanni aka yi ana gina su. Mai niyya ya fara shiri wata uku ko huɗu kafin a buɗe ɗauka. Wanda ya makara kamar shi, gara ya je wurin tantancewa da gwiwa lafiyayya da ƙaramin horo, a kan ya je yana ɗingishi a sallame shi tun a layi.

*WANDA BA NAWA BA NE*

Akwai gwiwar da in an kawo mini ba na ko buɗe kwalba. Gwiwar da ta kumbura ta yi zafi rau ga zazzaɓi, musamman yaro ko mai sikila ko mai suga, wannan asibiti ne a ranar, ba gobe ba, don in ruwa ya taru a gaɓa da ƙwayar cuta, cikin kwanaki kaɗan yake cinye ta. Wanda ya gurɗe ya ji ƙara ɓas gwiwa ta cika cikin awa ɗaya ko biyu. Wanda gwiwarsa take maƙalewa ta ƙi miƙewa, ko take sulluɓewa kamar za ta yar da shi. Wanda ba ya iya taka ƙafar sam. Wanda sha-raɓarsa ɗaya ta kumbura tana ciwo, balle in da sarƙewar numfashi, wannan yana iya zama gudan jini, kada a murza shi ko kaɗan. Da wanda ciwo yake tashinsa cikin dare yana rama. Da kuma wanda ya bi duk abin da muka faɗa mako shida babu canji. Waɗannan ku fara da babban asibitin da ya fi kusa da ku, in abin ya fi ƙarfinsu za su tura ku Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, inda akwai likitocin ƙashi da masu gashin ƙashi. Kada a fara da jan ƙafa a gida kafin a ɗauki hoto.

Mai tambaya ya turo, amma ya faɗi shekarunsa, da daidai inda ciwon yake, gaba ne ko gefe ko baya, da kwana nawa ya yi yana gudu kafin ya fara, da ko yana da suga ko hawan jini ko olsa. "Malam gwiwata tana ciwo" kawai ba ya isa in ba da amsa. Maganar shawara kuma sai darasi mai zuwa in Allah ya kai mu.